William Carey, Badukun da Ya Mai da Shagonsa Makaranta

Da wuya a sami ikkilisiyar da ba ta da mutanen da karatu ya yanke musu tun suna yara. Wani rasuwar uba ce ta fitar da shi daga aji, wata aure aka yi mata da wuri, wani kuwa kuɗin makaranta ne ya gagara, aka tura shi koyon sana'a. Shekaru suka wuce, 'ya'ya suka zo, hidimar gida ta yi yawa, amma ƙishin ilimi bai mutu a zuciya ba. Irin waɗannan 'yan'uwa sukan tambayi kansu ko lokaci bai riga ya ƙure musu ba. Tarihin William Carey, wanda ake kira uban aikin mishan na zamani, ya dace da wannan tambaya. Ya bar makaranta yana ɗan shekara 12, bai taɓa zama ɗalibi a wata kwaleji ba, ya yi shekaru yana ɗinkin takalma, amma ya ƙare rayuwarsa yana shehun malamin harsunan Indiya, mai fassara Littafi Mai Tsarki, kuma ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa kwalejin da take aiki har yau. Hanyar da ya bi tana da darasi ga iyalan Kirista, haka ma kurakuran da ya yi a kan hanyar.

Ɗan masaƙi

An haifi William Carey ranar 17 ga Agusta, 1761, a ƙauyen Paulerspury cikin yankin Northamptonshire na ƙasar Ingila. Shi ne ɗan fari a cikin 'ya'ya biyar. Mahaifinsa, Edmund Carey, masaƙi ne. Lokacin da William yake da shekara 6 aka ba mahaifin nasa aikin malamin makarantar ƙauye da na magatakardan majami'ar Angilikan ta wurin. A wannan 'yar makaranta ya koyi karatu da rubutu da lissafi. Yaro ne mai son sanin abubuwa, ɗakinsa cike da tsuntsaye da ƙwari da ganyaye da yake tarawa. Wani ɗan'uwan mahaifinsa mai suna Peter, mai aikin lambu, shi ya koya masa kiwon shuke-shuke.

Da ya kai shekara 12 karatun aji ya ƙare. Ya so ya yi aikin gona da lambu, amma yana da ciwon fata wanda rana take tayarwa, har ya hana shi barci da dare. Bayan ya jure na wani lokaci, iyayensa suka ga babu mafita sai a sake masa sana'a. Yana da wajen shekara 14 aka kai shi ƙauyen Piddington, wurin wani baduku mai suna Clarke Nichols, domin ya koyi ɗinkin takalma. Sana'ar da ya zaɓa da kansa ta kuɓuce masa, wadda bai zaɓa ba ita ce ta ciyar da shi shekaru da yawa.

A gidan maigidansa ya tarar da wani littafin sharhin Sabon Alkawari, a cikinsa akwai waɗansu baƙaƙe da bai taɓa gani ba. Haruffan Helenanci ne. Ya riƙa kwafe su a takarda, in ya je gida ya kai wa wani masaƙi a ƙauyensu mai suna Thomas Jones, wanda ya yi karatu mai zurfi a ƙuruciyarsa amma rayuwa ta juya masa. Daga wurin wannan mutum da ba wanda yake lissafawa a cikin malamai, Carey ya sami darasinsa na farko a harshen da aka rubuta Sabon Alkawari da shi.

Tuba da aure

A shagon akwai wani ɗan koyo mai suna John Warr, wanda yake zuwa taron masu bi da ba sa ƙarƙashin Ikkilisiyar Ingila. Sukan yi gardama a kan al'amuran bangaskiya suna ɗinki. Carey ya fi shi iya magana, amma zuciyarsa ba ta da salama. A wani lokacin Kirsimeti, wani mai sayar da kayan ƙarfe ya ba shi kyautar sule guda wanda ashe jabu ne. Carey ya musanya shi da sule mai kyau daga kuɗin maigidansa, ya rufe da ƙarya. Asiri ya tonu, kunya ta kama shi ƙwarai, ya fara ganin halin zuciyarsa yadda yake. A shekarar 1779 ya ba da kansa ga Almasihu, ya haɗa kai da ƙaramin taron masu bi na ƙauyen Hackleton.

A wannan shekara maigidansa ya rasu, ya koma aiki wurin wani baduku mai suna Thomas Old. A shekarar 1781, kafin ya cika shekara 20, ya auri Dorothy Plackett, 'yar'uwar matar sabon maigidan nasa. A ranar auren Dorothy ba ta iya rubuta sunanta ba, alama ta yi a takardar. Talauci ya zauna a gidansu tun daga farko. Zazzaɓi ya ɗauke 'yarsu ta fari, Ann, tana ƙarama, shi kansa Carey ya kwanta har gashin kansa ya zube, ya zama mai sanƙo tun yana saurayi. Da Thomas Old ya rasu, nauyin shagon da na gwauruwar da marayunta ya faɗo a kansa.

Binciken Littafi Mai Tsarki ya kai shi ga karɓar koyarwar Baftis. Ranar 5 ga Oktoba, 1783, John Ryland ya yi masa baftisma a kogin Nene a garin Northampton. Ya fara wa'azi a ƙauyukan kewaye, yana tafiya da ƙafa. A shekarar 1785 ikkilisiyar Olney, wadda Fasto John Sutcliff yake kiwo, ta saurari wa'azinsa na gwaji, ba ta gamsu ba. Aka ce ya ƙara shekara guda yana koyo. Bai yi fushi ya bar ikkilisiyar ba. Ya koma ya ƙara shiri, da shekara ta kewayo aka amince da shi, aka kuma naɗa shi fasto a ƙauyen Moulton a shekarar 1787.

Littafi a gefen basilla

Albashin fasto a Moulton bai isa ya riƙe gida ba. Carey ya buɗe makarantar yara domin ya cike giɓin, amma bai iya tsawata wa yara ba, makarantar ba ta yi ƙarfi ba. Dole ya koma ga fata da basilla. Yakan ɗinka takalma, ya zuba a jaka, ya kai da ƙafa wurin wani ɗan kasuwa mai suna Thomas Gotch na garin Kettering, ya karɓo sabuwar fata ya komo.

A waɗannan shekaru ne ya mai da shagonsa makaranta. Yakan buɗe littafi a gabansa yana ɗinki yana karatu. Ya ƙarfafa Latin da Helenancin da ya fara, ya koyi Ibrananci, ya kuma koyi karanta Faransanci da harshen mutanen Holan. Yawancin littattafan aro ne daga fastocin da suka girme shi, irin su Ryland da Sutcliff. Labarin tafiye-tafiyen Kyaftin Cook a tekun Fasifik ya buɗe masa ido a kan yawan al'umman da ba su taɓa jin bishara ba. Ya manna takardu ya yi babbar taswirar duniya a bangon shagon, duk abin da ya karanta game da wata ƙasa, yawan mutanenta da addininsu, sai ya rubuta a wurinta. Da guntayen fata ya ɗinka ƙwallo mai siffar duniya domin ya koya wa ɗalibansa.

Thomas Gotch ya lura da wannan himma. Ya tambayi abin da Carey yake samu a mako daga ɗinki, sa'an nan ya ɗauki nauyin ba shi sule 10 kowane mako daga aljihunsa, domin ya ajiye basilla ya ba karatu lokaci. Sunan wannan ɗan kasuwa bai yi fice ba, amma yana da rabo a cikin duk abin da ya biyo baya.

A shekarar 1789 aka kira Carey ya yi kiwon ikkilisiyar Harvey Lane a birnin Leicester. Wasiƙar da ya rubuta wa mahaifinsa a shekarar 1790 ta nuna yadda ya raba makonsa. Litinin ta tsofaffin harsuna ce, kuma yakan tilasta wa kansa ya fassara wani abu a ranar. Talata ta kimiyya da tarihi da koyon tsara rubutu ce. Laraba yana koyarwa a majami'a, Alhamis yana ziyara, Jumma'a da Asabar yana shirin wa'azin Lahadi. Duk wannan kuwa yana koyar da yara a makaranta daga ƙarfe 9 na safe har yamma. Mutum ne mai mata da 'ya'ya da aiki biyu, bai jira ranar da zai sami sarari ba, ya ba kowace rana aikinta.

Karatu ya haifi aiki

A zamanin, fastoci da yawa a cikin Baftis na Ingila suna ganin cewa in Allah ya ga dama zai juyo da al'ummai ba tare da hannun mutum ba. Sa'ad da Carey ya tayar da maganar kai bishara ƙasashen waje a taron fastoci, ba a karɓe ta da murna ba. Maimakon ya tsaya gardama, ya koma ga takardunsa. A shekarar 1792 ya fitar da ɗan littafi mai shafi 87, wanda aka fi sani da gajeren sunansa na Turanci, Enquiry, wato Bincike. A ciki ya nuna cewa umarnin Ubangiji na ƙarshen Bisharar Matiyu yana kan masu bi na kowane zamani. Ya ba da tarihin yaɗuwar bishara, ya jera ƙasashen duniya da girmansu da addinansu, ya ƙiyasta mutanen duniya sun kai miliyan 731. Taswirar bangon shago ce ta zama littafi.

A ƙarshen watan Mayu na shekarar ya yi wa'azi a taron fastoci a Nottingham daga Ishaya 54:2-3, yana kira ga ikkilisiya ta faɗaɗa begenta ga Allah, ta kuma tashi ta yi aiki gwargwadon wannan bege. Ranar 2 ga Oktoba, 1792, a gidan wata gwauruwa a Kettering, aka kafa ƙungiyar mishan ta Baftis, Andrew Fuller ya zama magatakarda. Abin da aka yi alkawarin bayarwa a ranar fam 13 ne da sule 2 da sisi.

Wani likita mai suna John Thomas, wanda ya taɓa zama a Bengal, ya jawo hankalin ƙungiyar zuwa Indiya. Carey ya miƙa kansa. Dorothy tana da ciki, ta ƙi tafiyar. Har Carey ya yi shirin tafiya da ɗansu na fari kaɗai, amma jirgin farko ya sauke su domin ba su da izinin Kamfanin Gabashin Indiya, wanda ba ya son 'yan mishan a ƙasar da yake mulki. Kafin a sami wani jirgi Dorothy ta haihu. Aka matsa mata da roƙo har ta yarda, bisa sharaɗin 'yar'uwarta za ta raka ta. Suka tashi a jirgin ruwan mutanen Denmak a watan Yuni, 1793, suka isa Kalkata, birnin da yanzu ake kira Kolkata, a watan Nuwamba. A cikin jirgin, yana da shekara 32, Carey ya fara koyon harshen Bengali.

Shekarun wuya

Kuɗin da aka shirya zai kai su shekara ya ƙare cikin 'yan makonni. Iyalin suka yi ta ƙaura, har suka zauna a yankin fadama da kurmi na Sundarbans. A shekarar 1794 wani Kirista ma'aikacin Kamfani mai suna George Udny ya ba Carey aikin shugabancin masana'antar shuni a Mudnabati, kusa da Malda, inda ake jiƙa baba a fitar da shuni. Bai taɓa yin wannan aiki ba, ya koya. Albashin ya riƙe gidansa, zama da ma'aikata kuwa ya sa harshen Bengali ya zauna a bakinsa. Da rana yana duba aikin masana'anta, da dare yana fassara tare da malaminsa ɗan ƙasa, Ramram Basu. Da ya gane cewa Sanskrit ne tushen yawancin harsunan arewacin Indiya, kuma shi ne harshen malaman Hindu, sai ya kama koyonsa yana da wajen shekara 35. Kafin ƙarshen shekarar 1797 ya gama rubutun farko na Sabon Alkawari da Bengali.

A waɗannan shekaru gidansa ya sha wahalar da ba ta warke ba. A shekarar 1794 atini ya kashe ɗansu Peter mai shekara 5. Dorothy, wadda ciwo da kaɗaici da baƙuntar ƙasa suka riga suka raunana, ta sami taɓin hankali, ba ta kuwa warke ba har rasuwarta a shekarar 1807. Masu tarihi da yawa sun yarda cewa Carey bai auna nauyin da ya ɗora wa matarsa ba. Ya koyi harsuna masu yawa, amma ratar ilimi da ta fahimta tsakaninsa da matar da take kwana a ɗakinsa sai ƙaruwa ta yi. 'Ya'yansa maza kuma suka tashi babu kulawa sosai, har sai da abokan aikinsa suka sa hannu a tarbiyyarsu. Wannan ɓangare na tarihinsa bai kamata a ɓoye shi ba, gama gargaɗi ne ga duk mai iyali da yake da babban buri.

Serampore

A ƙarshen shekarar 1799 sababbin ma'aikata suka iso daga Ingila, suka sauka a Serampore, wani ƙaramin gari a gaɓar kogin Hooghly, fiye da kilomita 20 arewa da Kalkata. Garin yana hannun Denmak a lokacin, don haka Kamfanin Ingila ba shi da iko a kansa. Carey ya koma can a watan Janairu, 1800. Biyu daga cikin baƙin sun zama abokan aikinsa na har abada. Joshua Marshman masaƙi ne da ya ilimantar da kansa har ya zama malamin makaranta. William Ward kuwa mai buga littattafai ne kuma editan jarida. Baduku da masaƙi da mai ɗab'i suka zauna wuri ɗaya, suka zuba duk abin da suke samu a asusu guda. Marshman da matarsa Hannah suka buɗe makarantun kwana da suke kawo kuɗi, Ward ya riƙe maɗaba'a, wani gwanin maƙeri ɗan ƙasa mai suna Panchanan Karmakar yana sassaƙa musu haruffan harsunan Indiya.

A watan Disamba, 1800, bayan shekara 7 Carey yana wa'azi a Indiya, aka yi wa wani kafinta mai suna Krishna Pal baftisma, ɗan fari daga cikin Hindu da ya karɓi bishara ta hannunsu. A farkon shekarar 1801 aka gama buga Sabon Alkawari na Bengali.

Wannan littafi ne ya buɗe masa ƙofar da bai nema ba. Gwamna Wellesley ya kafa Kwalejin Fort William a Kalkata a shekarar 1800 domin koya wa matasan ma'aikatan Kamfani harsunan ƙasar. Aka nemi Baturen da ya san Bengali sosai, ba a sami wanda ya kai Carey ba. A shekarar 1801, yana gab da cika shekara 40, aka ɗauke shi malami, daga baya aka ɗaga shi zuwa matsayin farfesa na Bengali da Sanskrit da Marathi. Ya yi wajen shekara 30 a wannan aiki. Albashinsa ya kai rufi 1,000 a wata, amma kaɗan yake ɗauka domin bukatar gidansa, sauran yana shiga asusun mishan. A shekarar 1807 Jami'ar Brown ta Amurka ta ba shi digirin girmamawa na dakta a ilimin tauhidi.

A kwalejin ya zauna tare da manyan malaman ƙasar, irin su Mrityunjay Vidyalankar. Zama da su ya nuna masa cewa fassararsa ta farko tana da rauni: kalmomin na Bengali ne, amma jerin jimlolin na baƙo ne, mutanen gari ba sa jin daɗin karanta ta. Farfesa ya koma ɗalibi a gaban waɗanda suke aiki a ƙarƙashinsa. Ya sake aikin, ya kuma ci gaba da gyara shi, har Sabon Alkawarin Bengali ya kai bugu 8 kafin rasuwarsa. Cikakken Littafi Mai Tsarki na Bengali ya kammala a shekarar 1809. Tare da abokan aikinsa da malaman ƙasa, ya fassara dukan Littafi Mai Tsarki zuwa harsuna 6, wato Bengali, Sanskrit, Oriya, Hindi, Marathi da Assam, da kuma sassansa zuwa waɗansu harsuna kusan 30. Ba dukan fassarorin ne suka yi kyau ba, waɗansu na baya sun sake su, amma su ne suka share hanya. Ya rubuta littattafan nahawu na harsuna da dama da babban ƙamus na Bengali. Ƙungiyar Littafi Mai Tsarki ta Birtaniya da Ƙasashen Waje, wadda aka kafa a shekarar 1804, ta tallafa wa wannan aiki da kuɗi. Ita ce kuma ƙungiyar da ta buga cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa a shekarar 1932.

Gobara

Daren 11 ga Maris, 1812, wuta ta kama maɗaba'ar Serampore. Takardu masu yawa suka ƙone, haruffan dalma na harsuna da dama suka narke, rubuce-rubucen hannu na shekaru suka zama toka, har da babban ƙamus mai gwama harsunan da suka fito daga Sanskrit. Carey yana Kalkata wurin koyarwa, Marshman ne ya kai masa labari. Yana da shekara 50 a lokacin. Injunan bugu sun tsira, da aka tona tokar kuma aka tarar ƙarafan da ake fitar da siffar haruffa da su su ma sun tsira. Aka tattara narkakkiyar dalmar aka sake zuba haruffa, Carey ya zauna ya sake fassara abin da ya ƙone, yana ganin aiki na biyu zai fi na farko kyau tun da ya riga ya san hanya. Labarin gobarar ya motsa ikkilisiyoyin Birtaniya, cikin 'yan makonni suka tara fiye da fam 10,000.

Ilimi domin waɗansu

Wanda ya sha wuya kafin ya sami ilimi ya san darajarsa. Mutanen Serampore sun buɗe makarantu sama da 100 da suke koyarwa da harshen gida, Hannah Marshman kuma ta yi fice wajen ilimin 'yan mata. A shekarar 1818 suka kafa Kwalejin Serampore domin horar da 'yan ƙasa, Kirista da waɗanda ba Kirista ba, ba tare da duban asalin mutum ba. A shekarar 1827 Sarkin Denmak, Frederick na Shida, ya ba ta ikon ba da digiri.

Son lambun da ciwon fata ya raba shi da shi yana yaro bai ɓace ba. Ya yi babban lambu a Serampore, ya shirya littafin masanin tsirrai William Roxburgh domin bugu, ya kuma kafa ƙungiyar inganta noma da lambu ta Indiya a shekarar 1820. Masana sun sa wa wani jinsin itatuwan Indiya suna Careya domin tunawa da shi.

Iliminsa na Sanskrit ya yi amfani a wani wuri dabam. A shekarar 1799 ya ga an ƙone wata mata da rai tare da gawar mijinta, al'adar da ake kira sati. Ya yi shekaru yana tattara labarin yawan matan da suke mutuwa haka, yana kuma binciken littattafan Hindu domin ya nuna cewa ba su wajabta wannan ba. Wani babban masani ɗan ƙasa, Ram Mohan Roy, shi ma ya yi yaƙi da al'adar. A watan Disamba, 1829, Gwamna William Bentinck ya haramta ta. Takardar dokar ta iso wa Carey ranar Lahadi domin a fassara ta zuwa Bengali. Ya sa wani ya yi wa'azi a madadinsa, ya zauna ya gama fassarar a ranar, gama jinkirin kwana ɗaya zai iya cin ran wata mata.

Shekarunsa na ƙarshe ba su rasa baƙin ciki ba. Matarsa ta biyu, Charlotte Rumohr, wadda ta zama abokiyar tunaninsa, ta rasu a shekarar 1821, ɗansa Felix a 1822, Ward kuma a 1823. Saɓani a kan dukiya da ikon gudanarwa ya raba Serampore da ƙungiyar da ta aiko shi a shekarar 1827. Ya rasu ranar 9 ga Yuni, 1834, yana da shekara 72, bayan fiye da shekara 40 a Indiya ba tare da ya koma Ingila ko sau ɗaya ba. Ya taɓa gaya wa wani ɗan ɗan'uwansa cewa baiwar da ya san yana da ita guda ce, wato naci a kan abin da ya sa a gaba. Hausawa sun ce da yayyafi kogi kan cika.

Abin da iyalai za su ɗauka

Babban da yake so ya koma karatu, ko ajin yaƙi da jahilci ne, ko jarrabawar sakandare da ta wuce shi, ko makarantar Littafi Mai Tsarki, ko koyon sabuwar sana'a, zai sami abin koyi a nan. Na farko, Carey ya san dalilin karatunsa. Kowane harshe da ya koya yana da aikin da zai yi masa, shi ya sa gajiya ba ta tsayar da shi ba. Kafin a sayi fom, ya kamata mutum ya zauna da addu'a ya amsa wa kansa abin da yake so karatun ya yi masa da kuma jama'arsa.

Na biyu, bai raina sana'ar da take ciyar da shi ba. Ɗinki da koyarwa da aikin shuni su suka riƙe gidansa yana karatu. Bai ajiye basilla ba sai da wata hanyar abinci ta tabbata. Na uku, ya tsara lokacinsa rana rana, ya kuma karɓi ilimi daga duk wanda yake da shi, ko masaƙin ƙauye ne ko malamin Hindu. Da aka ce wa'azinsa bai kai ba, ya ƙara shekara. Da ya ga fassararsa ba ta yi ba, ya sake ta.

Na huɗu gargaɗi ne. Shirin karatu na mai aure shiri ne na gida duka. Miji da mata su zauna su lissafta kuɗin da za a kashe, da lokacin da za a rasa, da wanda zai kula da yara, su kuma yarda da juna kafin a fara. In miji yana hawa, ya riƙe hannun matarsa su hau tare, haka ma matar da ta sami zarafi ta yi wa mijinta. Labarin Dorothy ya isa ya tuna wa kowa abin da yakan faru in aka bar ɗaya a baya.

Na ƙarshe ya shafi ikkilisiya. Ba don littattafan aro na Ryland da Sutcliff da sule 10 na Thomas Gotch ba, da wataƙila Carey ya tsufa a shagonsa. A cikin majami'u akwai kafintoci da teloli da masu sayar da hatsi da matan zumunta waɗanda Allah ya ba basira, abin da ya rage musu shi ne wanda zai ara musu littafi, ko ya biya kuɗin zango ɗaya, ko ya riƙe musu yara na awa biyu da yamma. Gemu ba ya hana ilimi. Ubangiji ya ba masu nema ƙarfin naci, ya kuma tayar da masu taimako a cikin jama'arsa. Amin.